Yadda ake neman tallafin gyaran gaban shago daga hukumar birni a Amurka

Birane da yawa a Amurka suna ware kuɗi duk shekara don masu shaguna su gyara fuskar gininsu: ƙofa, gilashi, fenti, allon suna, rumfa da fitilun waje. Kyauta ce, ba rance ba, babu kuɗin ruwa a cikinta, kuma ba sai kana da uwa a gindin murhu ba. Duk da haka, idan ka zaga unguwannin da mutanenmu suke kasuwanci, masu kayan abincin gida da teloli da masu kitso da masu gidan abinci, za ka tarar da yawa ba su ma taɓa jin labarin ba. Waɗanda suka ji kuma sukan ɗauka za a miƙo musu ceki ne su je su yi aiki.

Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne akasari ake yin asara. Birni ba ya ba da kuɗi a gaba. Za ka nemi izini, a ba ka a rubuce, ka yi aikin da kuɗinka, ka kawo shaidar cewa ka biya, sannan a mayar maka da wani kaso. Wanda ya sa guduma a bango kafin wasiƙar amincewa ta zo hannunsa, ko da aikinsa ya fi na kowa kyau a titin, sisi ba zai gani ba. Duk bayanin da ke tafe a kan wannan jeri yake: me ke gaba, me ke baya.

Zan ɗauki Filadelfiya a matsayin misali, domin shirinta a fili yake, kuma kudu maso yammacin birnin, musamman titin Woodland da titin Chester, cike yake da shagunan 'yan Afirka ta Yamma. Inda ya dace zan kawo Shikago, wadda tsarinta ya bambanta.

Abin da ake bayarwa

A Filadelfiya sunan shirin Storefront Improvement Program, kuma Sashen Kasuwanci na birnin ne yake gudanar da shi. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce a mayar maka da rabin abin da ka kashe, amma kada ya wuce dala 10,000 a shago ɗaya. Idan shagon a kwana yake, wato yana da fuska biyu, ko ginin ya haɗa adireshi fiye da ɗaya, iyakar takan kai dala 15,000. Waɗannan alƙaluma sukan motsa da kasafin kuɗin shekara, saboda haka ka duba na ranar da za ka nema.

Ka yi lissafin tun yanzu don kada ranka ya ɓaci daga baya. A ce aikinka duka dala 18,000 ne, kuma kowane ɓangarensa yana cikin abin da shirin ya yarda da shi. Za a mayar maka da 9,000. Idan aikin 26,000 ne, rabi 13,000 ke nan, amma 10,000 za ka karɓa sai dai in shagonka na kwana ne. Idan kuwa cikin 18,000 ɗin akwai 4,000 na kanta da shimfiɗar ƙasa da ka yi a cikin shago, za a fara cire su, a raba ragowar 14,000, ka tashi da 7,000.

Shikago ta fi sakin hannu. Shirinta, Small Business Improvement Fund, yana iya mayar wa ƙaramin ɗan kasuwa har kashi 90 cikin 100, iyakarsa kuma ta kai dala 150,000 ga shago, sannan bai tsaya a fuskar gini kaɗai ba, yana shiga rufi da na'urar ɗumama ɗaki. Wata ƙungiya mai suna SomerCor ce take karɓar takardu a madadin birnin. Kuɗin yana fitowa ne daga wani tsari da ake kira TIF: a shata unguwa, a tsayar da ƙimar gine-ginenta a inda take, duk ƙarin harajin da ya biyo bayan hauhawar ƙima har shekara 23 a tara shi don ayyukan wannan unguwar. Shi ya sa ba kowane adireshi ne yake ciki ba, kuma ba kullum ƙofa take a buɗe ba. Unguwa-unguwa ake buɗewa, na ɗan lokaci, in masu nema suka fi kuɗin yawa a yi ƙuri'a.

Kada ka ji nauyin nema. Birni ba sadaka yake yi maka ba. Titin da shagunansa suke da haske da tsabta ya fi jan masu saye, masu saye su ne haraji, kuma kai ma kana cikin masu biyansa.

Fara da adireshinka

Kafin ka kira kowa, ka tabbatar shagonka yana cikin yankin da shirin ya shafa. A Filadelfiya titunan kasuwanci ne da birni ya zayyana, kuma wani lokaci iyakar takan yanke a tsakiyar titi, maƙwabcinka na gaba da kwana ya shiga kai ba ka shiga ba. Shafin intanet na Sashen Kasuwanci yana da jerin titunan. In karatun Turancin ya yi maka nauyi, ka buga 311, lambar hidimar birni, ka ce kana son tafinta.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce ta ƙungiyar unguwa. Kusan kowane babban titin kasuwa yana da ƙungiyar raya unguwa da ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya bi shago-shago yana taimaka wa 'yan kasuwa da irin waɗannan takardu, kuma ba ya karɓar ko kwabo. A kudu maso yammacin Filadelfiya akwai ACANA, ƙungiyar 'yan Afirka da ke titin Chester. A yammacin birnin akwai Enterprise Center da ke aiki da 'yan kasuwar titi na 52. Shi wannan ma'aikaci ya san abin da kwamitin birni mai duba zanen gyaran yake so da abin da yake mayarwa, ya san 'yan kwangilar da suka saba da shirin. Duk wanda ya zo ya ce zai cike maka fom ka ba shi kaso daga tallafin, ka sallame shi.

Ka duba irin sana'arka ma. Shikago ta cire shagunan giya, masu karɓar jingina, masu canjin ceki, rassan manyan kamfanoni, da wuraren ibada. Wannan na ƙarshen ya shafe mu, domin masallatanmu da yawa a can cikin shago suke. Idan kana haɗa sayar da kaya da aika kuɗi gida a shago ɗaya, ka faɗa tun farko a tantance maka, kada a gano daga baya.

Wanke kanka da birni

Birni ba ya ba wanda yake bi bashi. Kafin a amince da kai za a bincika sunanka da na kasuwancinka, sau da yawa har da na mai ginin. A Filadelfiya ana son lasisin kasuwanci da ake kira Commercial Activity License, wanda kyauta ake bayarwa, da shaidar Sashen Haraji cewa ba a bin ka komai ko kuma kana kan yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. A Shikago har tarar ajiye mota da kuɗin ruwan famfo ake dubawa. Tikitin da aka maƙala maka a gilashin mota shekara uku da suka wuce ka manta da shi yana iya tsayar da tallafin dubban daloli.

Akwai wani shafi na birnin Filadelfiya mai suna Atlas. Ka rubuta adireshin shagonka, zai nuna maka sunan mai ginin na ainihi, da izinin da aka taɓa bayarwa a kansa, da laifuffukan gini da ba a rufe ba. Ka duba shi a daren nan. Mutane da yawa a nan suke gano cewa wanda suke ba kuɗin haya ba shi ne mai gini ba, ko kuma allon da suka gada daga tsohon ɗan haya ba a taɓa yi masa izini ba. Irin wannan warwara takan ci makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar mai gini

Mafi yawanmu haya muke yi, kuma ɗan haya yana da damar nema, amma sai mai gini ya sa hannu cewa ya yarda. Mutane sukan ɗauki wannan a matsayin sa hannu kawai. A ganina shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa a dukkan al'amarin.

Ka tuna me kake shirin yi: za ka zuba kuɗinka a ginin wani. Ƙofar da gilashin da fitilun, ranar da ka tashi, a nan za ka bar su. Idan saura wata 10 hayarka ta ƙare, ka gyara gaban shago ya yi kyau, me zai hana mai gini ya ƙara maka kuɗi, ko ya ba wani wanda zai fi ka biya? Saboda haka kafin ka kai masa takardar sa hannu, ka kai masa maganar sabunta haya. Ka nemi shekaru, biyar in zai yiwu, a rubuta nawa ne ƙarin kowace shekara, a rubuta cewa kana da zaɓin sabuntawa. Kana da abin ciniki a hannunka: ginin nasa ne zai ƙara daraja ba tare da ya kashe komai ba.

Sai ku raba aikin. Abin da ya shafi jikin gini, kamar bulon da ya fara zubewa, ko kwalliyar saman bango da ta ruɓe, ko indararon da yake zubar da ruwa a kan allonka, nauyin mai gini ne a yawancin takardun haya, amma ka karanta taka ka gani. Mai gini mai hankali yakan yarda ya ɗauki wani ɓangare na kuɗin, ko ya rage maka hayar wata biyu ko uku. Duk yadda kuka daidaita, a rubuta wane ne mai nema, wane ne zai biya ɗan kwangila, kuma sunan wa za a rubuta a cekin birni. Ƙa'ida ita ce wanda ya nema ya kuma biya shi ake mayar wa. In kai ka nema amma kuɗin daga asusun mai gini ya fita, kun ɗaura wa kanku rigima.

Wanda yake zaune a shago bisa amana, ɗan uwa ya kama haya ya bar masa, babu takarda da sunansa, to ya fara gyara wannan tukuna. Amana tana aiki a tsakaninmu, amma ma'aikacin birni takarda yake karantawa.

Me za a gyara, kuma yaya

Abubuwan da Filadelfiya take biya sun haɗa da gyaran bulo da cike tsakaninsa, fentin waje, tagogi da gilashi, ƙofar shiga, fitilun fuskar gini, allon suna, rumfa, da ƙofar tsaro irin wadda ake hango ciki ta cikinta. Wannan ta ƙarshen tana son bayani. Ƙofar ƙarfe rufaffiya mai naɗewa, wadda yawancinmu muka fi amincewa da ita, ba a biyanta. Birane sun juya mata baya: titin da duk aka sauke irinta da dare yakan zama kamar an yi ƙaura, masu fesa fenti su samu allo, ɗan sanda mai wucewa kuma ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki. Niyu Yok ma doka ta yi a kai tun 2009, cewa sabuwar ƙofa sai kashi 70 cikin 100 nata ana gani ta ciki. In tsaro ne damuwarka, ka sa mai raga, in da hali ta cikin gilashi, ka bar fitila ɗaya a kunne.

Yanzu ka fita ka tsallaka titi ka kalli shagonka da idon baƙo. Abin da za ka gani a yawancin shagunanmu shi ne gilashin da aka lulluɓe da takardu: tallar katin waya na kamfanin da ya mutu tuntuni, hoton buhun shinkafa da rana ta ƙone, sanarwar taron da aka yi bara, bayan firiji ya tokare rabin taga. Sama kuma allo ne mai lambar waya uku da jerin kaya goma sha biyar, daga daddawa har tikitin jirgi. Mu mun san abin da ke ciki, shi ya sa muke shiga. Matar unguwa da take wucewa kullum, wadda da za ta sayi doya da man ja in ta gan su, ba ta san ko a buɗe kake ba.

Kwamitin duba zane abin da yake nema ke nan: gilashi a buɗe, allo mai suna da abin da ake sayarwa a taƙaice, launi biyu ko uku, haske mai sauka a kan allo da bakin ƙofa. Ba ya hana ka sunanka na gida. Ka sa sunan garinku ko na mahaifiyarka, ka rubuta halal in naman ka na halal ne. Cunkoso ne ba ya so. In kuɗi bai isa a yi komai ba, shawarata ka fara da ƙofa da gilashi da fitila, allon ya biyo baya. Allo mai tsada a kan ƙofar da sai an sa kafaɗa take buɗewa ɓarnar kuɗi ne.

Tunda za a taɓa ƙofa, maganar masu naƙasa za ta taso. Dokar ADA ta 1990, wato dokar kare haƙƙin masu naƙasa, ta sa sabuwar ƙofa ta bar fili aƙalla inci 32 in an buɗe ta, gangara kuma kada ta fi inci 1 na tsayi a kowane inci 12 na tsawo. Matakala ɗaya mai inci 6 a bakin shago tana son gangara mai ƙafa 6, kuma ba kowane gefen titi ne yake da wannan fili ba. A tattauna shi da mai zane tun kan takarda. Idan ginin tsoho ne, wanda aka yi kafin 1978, mai yiwuwa akwai dalma a tsohon fentinsa, sai a sa wanda ya san yadda ake kankare shi, balle in akwai masu kwana a sama. In kuma ginin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, sai Hukumar Tarihi ta birnin ta duba kafin a canja ko taga ɗaya.

Ka ɗauki hotunan gaban shagon yadda yake a yanzu, da rana, daga tsallaken titi, ginin duka tun daga ƙasa har sama, sannan ka matso ka ɗauki wuraren da suka lalace. Za a nema. Za a kuma nemi zanen yadda kake so ya koma, da awo da launi da irin kayan da za a yi amfani da su. Kamfanin allo yakan yi nasa zanen kyauta. In aikin ya shafi sauya ƙofa da taga, ka tambayi ƙungiyar unguwa ko akwai mai zanen gini da suke haɗa mutane da shi.

Ɗan kwangila

Yawanci ana son ƙiyasi daga 'yan kwangila biyu a kan aiki iri ɗaya. Ka ba kowannensu zane ɗaya da jerin aiki ɗaya, in ba haka ba ba za ka iya gwada farashinsu ba. Kowane ƙiyasi ya zo a takardar kamfani, da lambar lasisi, kuma a rarrabe: ƙofa kaza, gilashi kaza, fenti kaza, kuɗin izini kaza. Takardar da aka rubuta "gyaran gaban shago, 18,000" a layi ɗaya dawo maka da ita za a yi.

Ga inda zuciya takan yi rauni. Kowa yana da wani ɗan gari mai hannu, kafinta ne, mai fenti ne, yana ɗan taɓa wayarin, kuma zai yi maka a rabin farashi ranar Lahadi. Zai ce, "Haba Alhaji, me za ka kai wa Bature kuɗinka? Kawo dubu shida lakadan, sati biyu an gama." Amsar ita ce, "Malam, ba raina aikinka na yi ba. Kana da lasisin birni da inshora? In kana da su, bismilla, rubuto min ƙiyasi. In babu, ka bari in ba ka aikin kanta da fentin ciki, wannan daga aljihuna ne." Aikin da marar lasisi ya yi birni ba ya biyansa, izinin gini ma ba zai fito da sunansa ba, kuma in tsani ya zame da shi a bakin shagonka, kai za a nema. A Filadelfiya Sashen Lasisi da Duba Gini, wanda kowa yake kira L&I, shi yake ba 'yan kwangila lasisi, kuma ana iya duba sunan mutum a shafinsa.

Ka tambayi ma'aikacin shirin tambaya ɗaya da mutane ba sa yi: kuɗin nan na birni ne ko na tarayya? Birane da dama suna biyan irin wannan shiri daga tallafin tarayya na CDBG, wanda aka kafa a 1974. In haka ne, dokar Davis-Bacon ta 1931 tana iya hawa kan aikin da ya wuce dala 2,000: sai an biya leburori albashin da gwamnati ta ƙayyade wa yankin, ɗan kwangila kuma ya riƙa miƙa takardar albashi duk mako. Wannan yana ɗaga farashi, ƙananan 'yan kwangila kuma gudunsa suke yi. Filadelfiya kanta ta taɓa shiga wannan matsala, har a 2015 ta koma biyan shirin daga aljihun birni. In a wani gari kake, ka sani kafin ka karɓi ƙiyasi.

Miƙa takardu, ka naɗe hannu

Ka haɗa fom, hotuna, zane, ƙiyasi, takardar haya, sa hannun mai gini, lasisi da shaidar haraji, ka miƙa gaba ɗaya. Sunan kasuwancin ya zama iri ɗaya harafi da harafi a kowace takarda. Mu da ake rubuta sunanmu Muhammad a nan, Mohamed a can, Mahamadou a fasfo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kwamiti zai duba, kuma sau da yawa yakan dawo da gyara: a rage girman allo, a canja launi, a cire abu kaza. Ka amsa da wuri. Sannan ka jira wasiƙa. Kada ka ba da kafin alƙalami, kada ka yi odar gilashi, kada ka bari a kankare fenti wai don a rage aiki. Maganar baki ta ma'aikaci cewa "ai za a amince" ba wasiƙa ba ce. In ta zo, ka karanta abu uku: nawa aka amince, wane aiki aka amince, kuma yaushe wa'adi zai cika.

Kuɗin aiki da yadda ake biya

Tsakanin ranar da ka fara biyan ɗan kwangila da ranar da cekin birni zai shigo akwai watanni, kuma duk kuɗin a wuyanka yake. Wanda ya kwashe jarin kaya ya zuba a gini zai zauna da kyakkyawan shago babu abin sayarwa. Akwai ƙananan cibiyoyin ba da rance na unguwa da suke cike wannan giɓi, amma da kuɗin ruwa, kuma da yawanmu ba ma so. Adashe yana maganin wannan sarai: ka roƙi uwar adashe ta sa kwasarka ta faɗo a watan da za a fara aiki. Sharaɗi ɗaya ne, kuɗin ya shiga asusun bankin kasuwancinka kafin ya tafi ga ɗan kwangila. In lakadan ne mai yawa, ka zuba shi yadda yake, a lokaci ɗaya. Banki yana cike takarda a kan duk abin da ya wuce dala 10,000, wannan ba laifi ba ne. Rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana don kauce wa takardar shi ne laifi.

Lokaci ma abin lissafi ne. Siminti da fentin waje ba sa kamawa a tsananin sanyi, saboda haka wasiƙar da ta zo a Disamba tana iya cin wata uku ba a taɓa bango ba. In ka ga wa'adi zai kubce, ka nemi ƙari a rubuce kafin ya cika. Kuma kada ka bari a kafa maka katako a bakin ƙofa a goman ƙarshe na azumi ko satin Babbar Salla, lokacin da tela da mai kitso da mai nama suke yin cinikin da ya fi na kowane wata.

A fitar da izinin gini da na allo kafin a fara, a manna a taga. Biya kuma kashi-kashi: wani abu a farko, wani in an kai rabi, ragowar sai ka duba aiki ka gamsu. Kowane biya ya kasance da ceki ko kati ko tura kuɗi daga asusun kasuwanci, da sunan kamfanin da ke kan ƙiyasi, ba sunan ɗan kwangilar na kansa ko na ƙaninsa ba. A kan kowane ceki ka rubuta lambar takardar kuɗin da ya aiko maka. In cekin ya fita, ka shiga asusunka ka sauke hotonsa gaba da baya, domin bayan ne yake nuna an karɓa. Rasit na hannu da aka rubuta "na karɓi 5,000" ba tare da sawun banki ba, yawancin shirye-shirye ba sa karɓarsa.

In ana cikin aiki aka ɓare tsohon allo aka tarar katakon ƙarƙashi ya ruɓe, abin da yakan faru a tsofaffin gine-gine, ka ɗauki hoto ka aika wa ma'aikacin shirin kafin a ci gaba. Haka in ɗan kwangila ya ce launin da aka amince ya ƙare zai sa wani. Duk canjin da ba a amince da shi a rubuce ba yana iya fita daga lissafi, wani lokaci ya ja duka aikin.

Karɓar kuɗin

Da an gama, ka tsaya daidai inda ka tsaya ka ɗauki hotunan farko, ka ɗauki na yanzu. Ka haɗa su da takardun kuɗi masu tambarin an biya, hotunan ceki ko bayanin banki, kwafin izini da shaidar cewa mai duba gini ya rufe shi, da fom ɗin W-9 mai lambar harajin kasuwancinka. Wani daga ofis zai zo ya gwada abin da ke bango da abin da ke zane. Za a sake duba harajinka a wannan gaɓa, saboda haka kada ka bari wani sabon bashi ya taru a watannin aikin. Daga nan sai jiran ceki, wanda yakan ɗauki makonni.

Ka gaya wa akantanka da kuɗin ya shigo, domin galibi ana lissafa irin wannan tallafi cikin kuɗin shigar kasuwanci. Ka duba wasiƙar amincewarka ko akwai sharaɗin riƙe gyaran na wasu shekaru ba tare da an sauya shi ba, ko na ci gaba da zama a wurin. Wasu birane suna karɓe wani ɓangare in ka tashi da wuri. Fayil ɗin kuma ka adana shi duka, domin Sashen Kasuwancin Filadelfiya yana da wani shirin na mayar da kuɗin kyamarar tsaro ta waje, da wani mai suna InStore na kayan aiki da gyaran cikin shago, kuma kusan takardun nan ne dai za su sake nema.